Muryar Gunvor a Bakin Bodil

Gidan Bodil da mijinta Asger yana kan gangaren da ke kallon tashar jiragen ruwa ta Svaneke. Tun da suka yi ritaya suka dawo tsibirin Bornholm da zama, ba su ƙara cin bazara su kaɗai ba. Da rana ta fara ɗumi sai dangi su tuna da su. Bana ƙanin Bodil ne ya buɗe fage da ayarin 'ya'yansa, suka bar mata rairayi har cikin gado. Suna tafiya wasu 'yan uwan Asger suka sauka. Kafin zannuwan gado su bushe a igiya sai ga Malene, 'yar Bodil da Asger, daga Copenhagen, sai kuma ga Gunvor.

Gunvor yayar Asger ce. Ta yi aikin girki a wata makaranta a Randers har ƙarfinta ya ja baya, mijinta Preben kuma ya rasu a kakar bara. Mace ce mai jiki, mai fara'a, wadda ba ta iya ganin abu ta bar shi bai sha magana ba. In an tsaya a gaban tsohon coci sai ta karanta allon bayanin da ƙarfi, tun daga sama har sunan waɗanda suka kafa allon. In an wuce saniya a gona sai ta tuna da wata saniyar. Kowace magana kuwa wuri ɗaya take ƙarewa, wato da Preben na nan da ya ce kaza. Ta sauya wa kofuna wuri a kicin don a ganinta hannu zai fi kai musu, ta cika bakin tagogi da duwatsun da take tsintowa a gaɓa.

Bodil ba ta ƙi ta ba. Gajiya ce ta yi mata yawa, ga wanki, ga girki, ga yawon nuna wa baƙi wuraren da ita ta gani har ta ƙoshi. Tana kuma da wata baiwa da ta sa ƙawaye ke son zama da ita, kwaikwayon murya. Ta ji mutum sau ɗaya, ta gama da shi.

Ran nan da safe sun shirya za su je kangon Hammershus. Bodil ta dawo daga wankan teku, ta zaga bayan gida tana shanya tawul, sai ta ciro waya don ta aika wa Dorte saƙon murya. Dorte aminiyarta ce tun suna makarantar koyon jinya.

"Dorte, ki zo ki cece ni. Saurari wannan." Ta kumbura kumatu, ta saukar da murya, sai ga Gunvor sak. "Kai, ku dubi wannan dutse. Asger, ka ga dutsen nan kuwa? Da Preben na nan da ya ce, to, wannan fa dutse ne." Ta yi dariya ta koma muryarta. "Tun da ta sauko daga jirgi bakinta bai rufu ba, ko burodi take tauna magana take. Ni dai yanzu na gane abin da ya sa Preben ya yi gaba. Bawan Allah hutu ya je nema."

Ta tura, ta jefa wayar a aljihu, ta shiga haɗa musu guzuri.

Tana shafa man shanu a burodi Malene ta shigo kicin ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Mama, wa kika tura wa saƙon nan?"

"Wane saƙo?"

"Na Gwaggo Gunvor."

"Dorte. Ke ina kika ji shi?"

"A zauren dangi kika saka shi, Mama."

Zauren nan Malene ce ta buɗe shi a waya don a riƙa zuba hotunan bazara. Kowa yana ciki, har da Gunvor da ɗanta Troels. Bodil ta ajiye wuƙar man shanu. Ta ciro wayar da hannu duk maiƙo, yatsa yana zamewa a kan gilashin, da ƙyar ta goge saƙon.

"Wataƙila ba ta buɗe ba," in ji ta. "Ai tana sama tana shiri."

"Na duba waɗanda suka saurara kafin in shigo," in ji Malene. Ba ta ɗaga murya ba. "Troels ya ji. Ita ma ta ji."

Sai suka ji taku a matakala. Gunvor ta sauko da hular rana a ka, jaka a kafaɗa, takalman yawo ɗaure. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Na shirya." Daga nan ba ta ƙara komai ba.

Asger ne kaɗai bai san abin da ake ciki ba, don wayarsa kullum tana cikin aljihun tebur tare da tsofaffin makullai. Ya ja mota yana fito, yayarsa a gefensa, Bodil da Malene a baya. Suka wuce gonakin alkama da suka fara ja, suka wuce injin niƙa mai fukafukai da iska ke juyawa, suka wuce shanu. Gunvor tana kallon taga, hannuwanta a kan jaka. Bodil ta zuba wa ƙeyarta ido, ga wata jar shaida da igiyar hula ta yi mata a wuya.

A Hammershus iska tana kaɗawa sosai, tumaki suna kiwo a gindin rusassun katangu, teku a ƙasa yana dukan duwatsu. Suka zo allon farko, Asger ya ja ya tsaya don sabo. Gunvor ta wuce.

"Yaya, yau ba karatu?" ya ce. "Ko an manta tabarau ne?"

"Kun iya karatu ai."

"Mun iya, amma naki ya fi daɗi." Ya kama hannunta suka hau tudu. Da suka kai inda ake hango gaɓar gaba ɗaya sai ya tsaya yana haki, ya ce, "To, faɗa mana. Da Preben na nan me zai ce?"

Malene ta juya baya tana gyara igiyar takalmin da bai kwance ba. Bodil ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Gunvor ta daɗe tana kallon ruwa. "Ban sani ba," in ji ta.

Da rana suka tsaya a gidan bandar kifi a Allinge, suka zauna a bencin waje. Aka kawo kifi a kan baƙin burodi da gwaiduwar ƙwai, abin da Gunvor ta yi ta zancensa tun zuwanta. Ta ci rabi ta ajiye cokali. Da Bodil ta miƙa mata gishiri ta ce na gode, irin godiyar da ake yi wa wanda aka haɗu da shi a jirgin ƙasa. Nan wayar Bodil ta motsa a aljihu. Troels ne, layi ɗaya ya rubuto: Mahaifina bai taɓa gajiya da mahaifiyata ba. Bodil ta karanta a ƙarƙashin tebur, ta mayar da wayar aljihu.

Suna komawa gida Gunvor ta ce za ta ɗan kwanta. Can da la'asar Bodil ta shiga kicin don ta ɗora kofi, ta miƙa hannu inda kofuna suke kwanakin nan, babu su. An mayar da su tsohon wurinsu, an jera su tsaf.

Ta sami Asger a rumfar kekuna yana liƙe tayar keken Malene. Ta gaya masa ta yi kuskure, ta tura saƙo inda bai kamata ba.

"Mu ji," ya ce, yana goge hannu a wando.

"Na goge shi."

"To me kika ce a ciki?"

Dole ta maimaita da bakinta, a tsaye, ga warin gam, ga mijinta yana kallonta. Da safe maganar ta fito mata da sauƙi kamar waƙa. Yanzu kowace kalma sai ta jawo ta da ƙarfi. Da ta kai kan Preben sai Asger ya sauke ido kan tayar.

"Da muryarta kika yi?"

"Farkon saƙon kawai."

"Ni ma na sha yin dariya in kin yi ta," in ji shi a hankali. "Ba zan ce ban yi ba. Amma ban da Preben, Bodil." Ya dafe goshi. "Ni kuma na tsaya a kan tudu ina tambayarta me zai ce."

"Ka yi mata magana mana. Kai ƙaninta ne."

"In ce mata me? Ba ni na faɗa ba."

Washegari ranar zuwa ɗan tsibirin Christiansø ce, an riga an sayi tikiti. Bodil ta so a fasa, Gunvor ta ce a kan me, ita dai ba ta taɓa zuwa ba. Suka shiga ƙaramin jirgi a Gudhjem cikin 'yan yawon buɗe ido. Ana fita daga tasha teku ya fara wasa da jirgin. Bodil, wadda ta yi wannan hanya ba adadi ba ta taɓa jin komai ba, sai ga cikinta yana juyawa. Ba ta yi barcin kirki ba, ba ta kuma karya ba. Ta lallaɓa ta kama ƙarfen gefe ta sunkuya, a gaban wasu Jamusawa ta amayar da ɗan kofin da ta sha.

Wani hannu ya cire mata jaka daga kafaɗa, ya tattare mata gashi baya. Gunvor ce. Ta ciro alewar citta daga aljihu ta ɓare ta miƙa mata.

"Tsotsa. Ki kalli can nesa, kar ki kalli ruwa."

"Gunvor, don Allah, ni..."

"Ba yanzu ba. Za ki sake yin wani."

Haka ta tsaya riƙe da ita har jirgi ya shiga tsakanin katangun tsibirin. Da ta zage ta ne da ya fi wa Bodil sauƙi.

A Christiansø babu mota, sai hanyoyin dutse da ƙananan gidaje da tsofaffin igwa suna kallon teku. Malene ta ja babanta wai su je su hau hasumiya, ta waiwayo ta yi wa uwarta wani kallo. Matan biyu suka bi ta gefen ganuwa har inda mutane suka yi ƙaranci. Gunvor ta zauna a kan katanga ta miƙe ƙafa tana murza gwiwa. Tsuntsayen teku suna ta kuka a kan wani dutse can gaba.

Bodil ta ƙi zama. "Abin da na faɗa mummuna ne," in ji ta. "Ba ni da hujja. Na gaji ne, amma gajiya ba hujja ba ce. Ki yafe mini."

"Zauna, kina tare mini rana."

Ta zauna.

"Kin san da farko dariya na yi?" in ji Gunvor. "Ina ɗaura takalmi na ji wayar ta yi ƙara. Na ce Bodil ta turo mana wani abu. Na ji muryata, wallahi ni ce, har yadda nake jan numfashi. Wannan fa dutse ne. Ina zaune a bakin gado ni kaɗai ina ta dariya, na ce bari in sauka in ce miki ja'ira. Sai sauran ya zo."

Bodil ta sunkuyar da kai.

"Na san ina da surutu. Ba yau aka fara gaya mini ba, tun ina yarinya Mama take cewa in bar wa Asger ɗan wuri ya koyi magana. Wannan bai dame ni ba." Ta cire hular ta ɗora a cinya. "Ranar da Preben zai rasu ina zaune kusa da shi a asibiti ina ba shi labarin maƙwabta. Wane ya sayi mota, wance ta sake labule. Na ɗauka yana jin daɗi. Sai ya buɗe ido ya ce, Gunvor, ki ɗan yi shiru. Haka kawai. Na ji haushi. Na ce to, na tashi na sauka ƙasa na sayi kofi, na zauna na sha shi a hankali don ya san na ji haushi. Da na hau, ma'aikaciyar jinya tana tsaye a bakin ƙofa tana jirana."

Iska ta ɗaga hular, ta danne ta da tafin hannu.

"Ko Troels bai sani ba. Na ce masa ina riƙe da hannun babansa."

Bodil ta yi shekaru tana aikin jinya, ta san abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Cewa marasa lafiya da yawa sai an fita suke cikawa, cewa ciwo ne ya yi magana ba shi ba. Duk gaskiya ne, amma ta ga bakin da ya yi wancan saƙo ba shi da ikon faɗarsu.

"Ban sani ba," ta ce kawai.

"Na san ba ki sani ba. Da kin sani ba za ki faɗa ba, ba ki kai nan ba." Gunvor ta juyo ta kalle ta, karo na farko tun jiya da safe. Idanunta a bushe suke. "Amma ba zan ce miki ba komai ba, don da komai. Duk hunturun nan ina zaune ina gaya wa kaina ni ce kawai nake wannan tunani, babu wanda zai ga haka. Sai na ji shi daga bakin wani, ana dariya."

"Me zan yi?"

"Babu. Kar dai ki gaya wa Asger wannan. Shi yana ganin Preben waliyyi ne, ni kuma rediyo. A bar shi haka." Ta mayar da hula ta dafa kafaɗar Bodil ta miƙe. "Tashi mu je. An ce akwai wata mata a nan mai sayar da kifi a kwalba, na yi wa maƙwabciyata alkawari."

Gunvor ba ta rage kwanakinta ba, ta ce in ta tafi da wuri Asger zai damu. Suka ci gaba da abin da aka tsara. Suka je cocin Østerlars, suka hau keke ta cikin daji, suka kai guzuri bakin tekun Dueodde inda rairayi yake fari, laushi kamar gari. A can ne Malene ta ja gwaggonta cikin ruwa har ƙugu, Gunvor tana ihun sanyi tana dariya, ta fito tana rawar ɗari, ta naɗe da tawul ta zauna kusa da su. Daɗi ya ɗebe ta ta fara ba da labarin wata shekara da suka je Skagen da tanti, ruwan sama ya tafi da tukunyarsu. Tana tsakiyar labari idonta ya faɗa kan Bodil. Sai ta tsaya.

"To, haka dai aka yi," ta ce, ta ɗauki kofinta.

"Ƙarasa mana, Gwaggo," in ji Malene. "Kun sami tukunyar?"

"Mun samu."

Bodil ta tona rairayi da yatsun ƙafa har ta kai inda yake da sanyi. Wannan tsayawar ta fi komai yi mata ciwo, kuma ta sake ganinta sau da yawa kafin Gunvor ta tafi, a tebur, a mota, a bakin ƙofa. Magana za ta taso, Gunvor ta auna ta, ta haɗiye rabi.

Dorte ta kira a cikin kwanakin, ta ce shiru ba labari, ya baƙi? Bodil ta ce lafiya lau. Dorte ta ce yi mini Gunvor mana in ɗan yi dariya. Bodil ta ce tuƙi take, za ta kira ta daga baya, alhali tana tsaye a kicin.

A tashar Rønne, Gunvor ta rungume ƙaninta ta daɗe, ta sumbaci Malene a goshi. Da ta zo kan Bodil ta riƙe hannunta da hannu biyu ta ce, "Na gode da ɗawainiya. Ki huta, kin yi baƙi da yawa bana." Ba da gatse ta faɗa ba. Ta ja akwatinta ta shiga layi.

Da kaka ta shigo Bodil ta fara kiranta ranar Lahadi. Da farko hirar ba ta wuce gaisuwa da zancen yanayi, daga baya ta ɗan ƙara tsawo. Troels kuwa da suka haɗu a Kirsimeti ya gaishe ta da ladabi, ya zauna a ɗaya ƙarshen tebur. Babu wanda ya tayar da maganar, amma wata 'yar uwar Asger da ta sha giya ta ɗan yi yawa ta ce, Bodil, ni dai kar ki yi ni, aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Bazarar da ta biyo baya Gunvor ta dawo, na 'yan kwanaki. Ta ce wannan karon masauki za ta kama a bakin tasha, don matakalar gidansu tana wahalar mata da gwiwa. Asger ya ce ai sai a gyara mata ɗakin ƙasa. Ta ce a'a, ta riga ta kama. Suka je tarbarta su biyu, suka kai ta masaukin. Tsohon gini ne siriri, ɗakinta kuma yana can hawa na uku, babu na'urar hawa. Asger ya ɗaga kai ya kalli matakalar, ya buɗe baki zai yi magana, Bodil ta taɓa masa hannu. Ta ɗauki akwatin ta yi gaba, Gunvor tana biye da ita a hankali, tana hutawa a kowace kwana.